Ta ina mai koyon Sifaniyanci zai fara idan yana son ya iya hirar kiɗa da waƙa?

"Malam, barka da aiki. Ni ma'aikacin situdiyo ne a Kaduna, aikina haɗa kiɗa da tace murya. Na kusa shekara ina koyon Sifaniyanci a waya, har na iya gaisuwa da tambayar farashi. Kwanan nan na haɗu da wani mai haɗa kiɗa ɗan Kolombiya a intanet, muna son mu yi aiki tare, amma da zarar hira ta koma kan kiɗa sai bakina ya mutu. Na haddace sunayen kayan kiɗa masu yawa, ba su tsinana mini komai ba. Waɗanne kalmomi da jimloli ya kamata in sani, kuma ta ina zan fara? Allah ya ƙara basira."

Amin, ɗan'uwa, kai ma Allah ya sa albarka a sana'a. In na fahimce ka da kyau, abin da kake nema shi ne bakin da za ka faɗa wa mutumin nan ra'ayinka a kan sauti, ka nemi ya gyara wani wuri, ka kuma gane amsar da ya mayar maka. Buƙata ce takamaimai, kuma ta fi sauƙin biya a kan "ina so in iya Sifaniyanci" da yawancin ɗalibai ke zuwa mini da ita. Koyar da harshen da tafinta su ne aikina, ta wannan ƙofa zan shigo maka.

Mutum kusan miliyan 500 ne suka tashi da Sifaniyanci a bakinsu, kuma da shi ake aikin gwamnati a ƙasashe 20, har da Ikwatoriyal Gini da ke maƙwabtaka da Kamaru. Nahawunsu ɗaya ne, jaridar da aka buga a Madrid ana karanta ta a Bogotá, babban birnin Kolombiya, ba tare da tuntuɓe ba. Amma kiɗa na cikin wuraren da bakinsu ya fi rarrabuwa. Tunda abokin aikinka ɗan Kolombiya ne, nasu za ka sa a gaba. Na sauran ƙasashe ka san su daidai yadda za ka gane in ka ji.

Abin da ya hana haddar yi maka rana

Gobe idan ka shiga situdiyo, ka kasa kunne ga abin da ke fita daga bakinka na tsawon awa ɗaya. Za ka ji kanka kana cewa: ɗaga muryar, rage bes, mu koma daga farko, ka yi sauri, amshin nan bai zauna ba, wannan ya yi daɗi. Sau nawa ka ambaci sunan wani abin busa? Hirar kiɗa kusan duka umarni ce da hukunci da kwatance, su kuwa da aikatau da sifa ake gina su. Wanda ya tara sunaye zalla kamar wanda ya jera kayan miya ne bai hura wuta ba.

Akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa ba. Ana yawan ba masu koyo shawara su saurari waƙoƙi, kuma shawara ce mai kyau ga kunne. Sai dai harshen da ke cikin waƙa daban, harshen da ake magana a kan waƙa daban. Ka kwana kana jin waƙoƙin soyayya, za ka tashi da corazón, zuciya, da noche, dare, da olvidar, mantawa. Babu mawaƙin da zai rera maka "muryar ta nutse a ƙarƙashin ganga". Wannan harshen a hirarrakin rediyo da mawaƙa yake, da bidiyon koyar da haɗa sauti, da bakin mutanen situdiyo suna kan aiki.

Aikatau kaɗan da suka riƙe hirar

Na farko shi ne tocar. Mu a Hausa muna rarrabewa: a kaɗa ganga, a busa algaita, a goga goge. Su kalma ɗaya ce ta ɗauke duka. "Toco el piano", ina kaɗa fiyano. "Toca la flauta", yana busa sarewa. "¿Qué instrumento tocas?", wane abin kiɗa ka iya? Wanda ya biyo ta Turanci yakan ce "juego la guitarra", saboda a can kalmar wasa ake amfani da ita. Jugar na ƙwallo ne da dara, ba ya shiga kiɗa ko kaɗan, kuma da wuya in fara sabon aji ban gyara wannan ba. Idan kuwa waƙar da aka riga aka ɗauka kake so a kunna, poner za ka ce, daidai da yadda muke cewa a sa waƙa: "pon la canción", sa waƙar, "ponla otra vez", sake sa ta.

Sai escuchar da oír, saurara da ji. "Escucha esto", saurari wannan. "No se oye la voz", ba a jin muryar, kodayake a Latin Amurka za ka fi jin "no se escucha la voz".

Wanda zai fi yi maka aiki a situdiyo shi ne sonar, wato fitar sauti. "¿Cómo suena?", yaya yake fita? "Suena bien", "suena raro", "suena sucio": yana fita da kyau, yana fita wani iri, yana fita da datti. In ka bi shi da ƙaramar kalmar nan "a", ya zama kwatance: "suena a salsa vieja", yana da ƙamshin tsohuwar salsa. "Me suena" kuma na nufin kamar na taɓa jin sa.

Gustar na ba masu Turanci wahala ƙwarai, amma Bahaushe na da gata a nan in ya daina bi ta Turanci. Kada ka fassara shi da "ina so". Ka ɗauke shi a matsayin "yana yi mini daɗi" ko "yana burge ni". A "me gusta la canción", waƙar ce ke aikin, kai ne ake yi wa: waƙar tana yi mini daɗi. Shi ya sa idan abubuwan sun yi yawa aikatau ke bin su: "me gustan los tambores", gangunan suna yi mini daɗi. Da zarar wannan ya zauna maka, ka samu 'yan'uwansa kyauta. "Me encanta", yana matuƙar burge ni. "Me molesta ese ruido", ƙarar nan tana damu na. "Le falta fuerza", ƙarfi ya yi masa kaɗan. "Le sobra eco", amsa-kuwwa ta yi masa yawa. Waɗannan biyun na ƙarshe, falta da sobra, ka riƙe su da kyau, domin rabin gyaran sauti ƙari ne da ragi.

A wuri biyu Hausa ba za ta taimake ka ba. Mu "sani" ɗaya gare mu, su biyu ne. Conocer na sanin mutum ne ko wata waƙa: "¿conoces a ese cantante?", ka san mawaƙin nan? Saber na ilimi ne da iyawa: "sé tocar", na iya kaɗawa, "me sé la letra", na haddace baitocin. Na biyu shi ne ser da estar, aikatau biyu da ke tsayawa a gurbin "ne" da "ce" namu (es daga ser yake, está da estoy daga estar), kuma a nan akwai rami. "La cantante es buena" yabon gwaninta ne, mawaƙiyar ta iya. "La cantante está buena" magana ce a kan surar jikinta, irin wadda mai kunya ba zai yi a gaban mutane ba. In gwaninta kake yabo, ka tsaya a kan es, ko ka ce "canta muy bien". Haka ma "es aburrido", abin ba shi da armashi, da "estoy aburrido", na gaji da zama.

Sassan waƙa

Música ta haɗa kiɗa da waƙa gaba ɗaya. Waƙa guda ita ce canción, amma a bakin mawaƙa tema za ka fi ji, in ta yi fice kuma a ce temazo. Rubutacciyar waƙa irin ta sha'irai poema ce, ba a kiran ta canción. Kalmomin da ake rerawa su ne la letra, don haka "¿de qué trata la letra?" tambaya ce a kan jigo, amsarta kuma ta fara da "trata de" ko "habla de". Baiti estrofa ne, ɗango ɗaya verso, amsa-amo rima. Sai dai masu kiɗan zamani a Latin Amurka sun saba kiran rabon kowane mawaƙi a cikin waƙa verso, saboda haka idan abokinka ya ce "graba tu verso", baitinka gaba ɗaya yake nufi. Amshi a Sifaniya estribillo ne, a Kolombiya kuwa coro, 'yan amshi coristas. Karin waƙa melodía, bugu ritmo, saurin bugun tempo, awon da ake ƙirgawa ɗaya-biyu-uku-huɗu compás.

Sunayen sautuka kan tsayar da aiki cak in ba a sani ba. Kwamfutarka na nuna maka C, D, E, F, G, A, B. Shi do, re, mi, fa, sol, la, si zai ce, kuma a wurinsu do a kafe yake a kan C, ba ya yawo yadda ake koyar da shi a makarantunmu, inda do ke komawa kan sautin da aka gina kowace waƙa a kansa. Alamar # sostenido ce, ƙaramin b bemol, sai mayor da menor, wato major da minor na Turanci. Idan ya ce maka "está en la menor", Am yake nufi. La ɗin nan sunan sauti ne, kada ka ɗauke shi la ɗin da ke gaban sunan mace. Tambayar da za ka yi ita ce "¿en qué tono está?"

Bakin situdiyo

Ɗauka grabar, haɗawa mezclar, haɗin kansa la mezcla, tacewar ƙarshe masterizar. Gwajin farko da ake turawa kafin a kammala maqueta ne ko demo. Pista na nufin layin sauti guda a kwamfuta, yana kuma nufin kiɗa zalla marar murya, sai ka duba mahallin. Ƙasan sauti graves, tsakiya medios, sama agudos. Bes bajo ne, babbar gangar ƙafa bombo, ƙaramar mai tsawa caja ko redoblante. Umarnin da za ka fi bayarwa ba su da yawa: "sube", ɗaga, "baja", rage, "quita", cire, "desde el principio", daga farko, "otra toma", mu sake ɗauka. Ga mawaƙi kuwa: "estás desafinado", muryarka ta kauce, "vas adelantado", ka riga kiɗan, "vas atrasado", kiɗan ya bar ka.

Kada ka yi mamaki in ka ji beat da flow da plugin a tsakiyar Sifaniyancinsa. Su ma sun ara kamar yadda muka ara, kuma ba dole ba ne ka nemi wata kalma ta littafi a inda shi kansa ba ya amfani da ita.

Bambancin ƙasa ya fi fitowa a kayan aiki. Hedifon a Kolombiya da Meziko audífonos ne, a Sifaniya kuwa auriculares, don a can audífono na'urar masu matsalar ji ce. Sifika parlante ce a Kolombiya, bocina a Meziko, altavoz a Sifaniya. Kwamfuta computador ce a wurin abokinka, ordenador a Madrid. Wasan kai tsaye en vivo ne a Latin Amurka, en directo a Sifaniya. Tikitin shiga boleta a Bogotá, boleto a Meziko, entrada a Sifaniya.

Ga irin saƙon da nake so ka kai ga iya turawa cikin 'yan makonni: "Ya escuché la maqueta. Me gusta mucho el coro, es muy pegajoso. Pero la voz suena lejos y le sobra bajo. ¿Puedes subir la voz un poquito y mandarme las pistas por separado?" Wato: na saurari gwajin. Amshin ya yi mini daɗi sosai, yana maƙalewa a kai. Amma muryar tana fita can nesa, bes kuma ya yi yawa. Za ka iya ɗaga muryar kaɗan, ka turo mini layukan daban-daban? Duba tsarinsa: yabo tukuna, sannan suka, sannan roƙo cikin sigar tambaya, da un poquito don sassautawa. 'Yan Kolombiya mutane ne masu ladabin baki, umarni tsirara na iya yi musu kaushi. Wani gini ɗaya kawai zan ce ka haddace yadda yake ko da ba ka kai darasinsa a nahawu ba: "quiero que suene más limpio", ina so ya fita tas. Sai ka riƙa sauya kalmar ƙarshe da fuerte, suave, seco, duk wadda ta dace.

Game da tú da usted, wato "kai" na sabo da "kai" na girmamawa, ka bi abin da ya fara kiran ka da shi. A Kolombiya ana ce wa aboki ma usted, a biranen Medellín da Cali za ka ji vos, wani "kai" ɗin na sabo. Babba ko baƙo kuwa usted ne har sai ya ce ka sauke.

Kiɗan ƙasarsu

Ba a hirar kiɗa da mutum ba tare da sanin sunayen kiɗan gidansu ba. Vallenato na arewacin ƙasar ne, da kayan kiɗa uku: acordeón, caja da guacharaca, wadda sanda ce mai tsage-tsage da ake karcewa. Salonsa huɗu ne, suna kiran su aires: paseo, merengue, son da puya. Tun 1968 ake gasar sa a birnin Valledupar, UNESCO kuma ta sa shi a jerin al'adun da ke buƙatar kariya a 2015. Cumbia ta gaɓar tekun Karebiyan ce, da gangunanta tambora, alegre da llamador. Cali garin salsa ne, Medellín kuma ya zama cibiyar reguetón, kiɗan da ya samo asali daga Panama da Puerto Rico, wanda bugunsa ake kira dembow.

In aikinku zai taɓa salsa, dole ka san clave. Bugu biyar ne da aka raba a kan awo biyu, uku sannan biyu ko biyu sannan uku, "tres dos" ko "dos tres". A kansa kowane makaɗi ke ɗora nasa, kuma idan aka ce maka wani abu "está cruzado", ya saɓa wa clave ke nan, laifi ne babba a kunnensu. Ka tafa shi da hannu kana ƙirgawa da Sifaniyanci har ya zauna.

Wanda na fi so ka sani shi ne champeta, domin a nan kake da abin faɗa. A shekarun 1970 da 1980 fayafayan Afirka, na Kwango da na highlife daga Najeriya da Gana, sun riƙa isa tashoshin jiragen ruwa na Cartagena da Barranquilla. Masu manyan sifikoki da ake kira picó su ke kunna su a unguwannin talakawa, ana gasar wanda ya mallaki faifan da babu mai irin sa, har akan kankare sunan da ke jikin faifai don kada abokin hamayya ya gano. Tunda ba su jin harsunan, sai su laƙaba wa waƙoƙin sunayen Sifaniyanci gwargwadon abin da kunnensu ya ji. Daga wannan ne champeta ta fito. Ka tambayi abokinka "¿qué música africana se escucha allá?", wane kiɗan Afirka ake ji a can, ka ga yadda hira za ta buɗe.

Kalma ɗaya da za ta iya rikita ka ita ce rumba. A Kyuba kiɗan ganguna da murya ne, a Sifaniya wani salon jita ne, a Kwango ma suna da nasu kiɗan mai wannan suna, a Kolombiya kuwa "vamos de rumba" gayyatar fita casu ce. Yabo ma kowa da nasa: chévere da bacano a Kolombiya, chido a Meziko, guay a Sifaniya. Flamenco da tango suna da nasu tarin kalmomi, ka bar su sai buƙata ta taso.

Furuci da kunne

Wasulansu biyar ne kamar namu, a e i o u, ba sa sauyawa, kuma ana karanta harshen yadda aka rubuta. H ba a furta shi. J a bakin ɗan Kolombiya kamar h ɗinmu ne, bajo ya zama "baho". Harafin r guda bugun harshe ɗaya ne, ninkakke kuwa kamar na "jarrabawa": coro amshi ne, corro ina gudu.

Inda ɗalibaina Hausawa suka fi faɗuwa shi ne p da f, tunda a bakinmu sauti ɗaya ne. A wurinsu pila batir ne, fila layi. Kalmomin aikinka kuma cike suke da p: pista, piano, parlante, tempo, compás. Ga p ka rufe leɓɓa ruf sannan ka sake. Ga f ka ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Nakan sa ɗalibi ya riƙe madubi ko kyamarar wayarsa yana cewa "fa, pa, fa, pa" yana kallon bakinsa, domin ido kan gano abin da kunne bai riga ya koya ba. Sai nauyin gaɓa: grabo, ina ɗauka, grabó, ya ɗauka. Kunnen da ya saba da karin sautin Hausa ba ya daɗewa a kan wannan.

Jinsi ma gata ne, tunda mun saba da sunan mace mai ƙarewa da a: la guitarra, la mezcla, la letra. Ka dai kiyayi el tema, el programa, el problema, maza ne duk da a ɗin.

Ka tambayi abokinka daga wane gari yake. In ɗan Bogotá ne za ka ji kowane harafi. In ɗan gaɓar teku ne, s na ƙarshen gaɓa yakan ɓace, d na tsakiya ya narke, para ya koma pa'. "Los tambores" sai ka ji kamar "lo tambore". Ba kunnenka ne ya gaza ba. Ka ce masa "más despacio, por favor", a hankali don Allah, ko "¿me lo escribes?", za ka rubuta mini?

Yadda za ka bayyana namu

Ba makawa zai tambaye ka kiɗan garinku. Kada ka fassara sunayen, ka bar su yadda suke ka bi da bayani da gini uku: "es una especie de", wani nau'in kaza ne, "se hace con", da kaza ake yin sa, "se toca en", a wuri kaza ake kaɗa shi. Kalangu tambor parlante ne, "se aprieta bajo el brazo para cambiar el tono", ana matse shi a hammata don sauya amo. Goge "un violín de una sola cuerda". Kakaki "una trompeta larga de metal que se toca para los emires". Algaita ka ce "una especie de oboe tradicional". Kada kamannin suna ya ja ka ka ce gaita, domin a Kolombiya gaita doguwar sarewa ce mai kan kakin zuma da gawayi, ana busa ta ta ƙashin gashin tsuntsu, a arewacin Sifaniya kuma abin busa ne mai jakar iska. Tsarin jagora da 'yan amshi da muka gada daga makaɗan fada da na jama'a "llamada y respuesta" ne, masu salsa kuma su ce pregón da coro. Zai gane nan take, don su ma haka suke yi.

Aikin yau da gobe, da inda amsata ta tsaya

Abin da nake sa ɗalibaina shi ne wannan. Kowace rana waƙa ɗaya, jimla uku a kanta, da baki, a ɗauka a waya: wace irin waƙa ce, me ya fi burge ni ("lo que más me gusta es"), me take tuna mini ("me recuerda a"). Kai kana da abin da su ba su da shi, wato mai amsa maka, saboda haka ka tura masa. Ka mayar da harshen wayarka Sifaniyanci, da na manhajar haɗa kiɗanka in tana ba da dama. Ka nemi "cómo mezclar voces" a YouTube. Aikin ka riga ka san shi, hannun mai bidiyon zai fassara maka bakinsa. Ka saurari hirarrakin mawaƙa a Radio Nacional de Colombia. Ƙamus ɗin Real Academia Española, hukumar kula da harshen a Sifaniya, kyauta ne a intanet, yana kuma nuna ƙasar da ake amfani da wata ma'ana. Littafinka na rubutu kuwa jimloli za ka zuba a ciki, kowace da inda ka ji ta.

Don horar da kunne ka zaɓi waƙoƙi masu tafiya a hankali, irin bolero ko paseo na vallenato. Reguetón na da sauri, cike yake da karin maganar titi, kuma da yawa daga cikinsa batsa ce tsagwaronta. Ka san ma'anar baiti kafin ka rera shi ko ka ɗora muryarka a gefensa, don sunanka ne zai fita a jikin waƙar.

Fagena harshe ne, karatun alamomin kiɗa a takarda sai ka nemi malaminsa. Kalmomin titi na matasa kuma sukan tsufa kafin su shiga ƙamus, a nan abokinka ya fi kowane malami. Ka riƙa tambayar sa "¿cómo le dicen ustedes a esto?", ku me kuke ce wa wannan?

Wuri ɗaya ne ba zan so ka dogara da Sifaniyancin shekara guda ba, wato maganar kuɗi. Ka san kalmomin don ka gane lokacin da hira ta iso nan: derechos de autor, haƙƙin mallaka, regalías, kason da ke shigowa daga sauraro da sayarwa, adelanto, kuɗin kafin alƙalami, porcentaje, kashi cikin ɗari, sello, kamfanin fitar da waƙa. In ka ji ya ambaci SAYCO, ƙungiyar da ke karɓar wa marubuta waƙa haƙƙinsu ce a Kolombiya. Duk abin da kuka yanke da baki ka ce masa "mándamelo por escrito", turo mini a rubuce, sannan ka kai takardar wurin ƙwararren mai fassara da lauya kafin ka sa hannu.